Sijar ɗin oga ya kwana biyu a but ɗin mota

Direban Riyad: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah wanda ya san harkar sijar ya taimake ni, na shiga uku. Ogana ya dawo daga birnin Janiba na ƙasar Suwizalan ranar Talata da akwatin katako na wannan ƙatuwar tabar ta Kuba, ya ce in kai gida in miƙa wa mai kula da majalisi, wato falon baƙinsa. Daga filin jirgi muka wuce ofis, daga ofis madam ta kira in ɗauko yara, na manta shaf. Kwana biyu akwatin yana but, motar kuma a rana take yini. Kun dai san Riyad a Yuli. Yau na buɗe, wasu sun tsage, in ka taɓa sai ka ji ƙaras-ƙaras kamar busasshen karan dawa. Oga ya kwashi iyali sun tafi hutu jiya, sai nan da sati biyar. Kara 25 ne a akwatin, ya sha biyu a can, saura 23. An ce min kuɗinsu ya fi albashina na wata. Ga hoto.

Ɗan Damagaram: Wa alaikumus salam. Sa su a firij su huce mana.

Mai Bakala: A'a, fesa musu ruwa kaɗan da abin fesa turare, ka rufe da tawul. Haka nake wa ganyen na'ana'a.

Kawu na Hindawiyya: Ɗana, kada ka yi ko ɗaya cikin biyun nan. Ajiye wayar, je ka ɗauko akwatin ka kai ɗakin da ya fi sanyi a gidan, inda iskar mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ba ta bugunsa kai tsaye, sannan ka dawo mu yi magana. Firij busar da abu yake yi, kuma ganyen zai kwashi warin albasa da kifin da ke ciki. Ruwa kuma in ya taɓa shi yanzu, cikin zai kumbura kafin rigar waje ta yi laushi, sai ta fashe daga sama har ƙasa. Shekara 19 na yi a gidan wani attajiri a nan Jidda, majalisinsa a hannuna yake, har da akwatin danshin da yake ajiye waɗannan. Jan zoben takardar da na gani a jikinsu a hoton na samfurin Partagás ne, Serie D No. 4, wanda ake kira D4. Ba jabu ba ne da gani, ogan naka ya san abin da ya saya.

Direban Riyad: Na kai, Kawu. To za su tashi kuwa?

Kawu na Hindawiyya: Wasu za su tashi, amma ba kamar da ba. Ka san huhun goro? Yadda ake jera shi cikin ɗanyen ganye a ɗaure, a riƙa buɗewa ana dubawa, ba a bari ya bushe, ba a bari ya jiƙe? To haka nan. Sijar ganye ne zalla, ba takarda ba auduga. Hawa uku ne: ciko a tsakiya, wani ganye da ya ɗaure cikon kamar ɗamara, sai rigar waje, wadda ta fi kowanne laushi da tsada. Yana son danshin iska tsakanin kashi 65 zuwa 70, da sanyi wajen digiri 16 zuwa 18. Ka gwada wannan da but ɗin mota a Riyad. Ruwan da ya fita za a iya mayar da shi a hankali. Maiƙon ganyen da zafi ya kora, wanda shi ne ƙamshin, wannan ya tafi ke nan.

Ga abin da za ka yi. Sayi robar abinci sabuwa mai murfi da ke kamewa gam, ka wanke ta bushe har warin roba ya fita. Je shagon masu sayar da sijar ka ce su ba ka 'yar jakar danshi, Boveda ake ce mata, da lamba a jiki. Fara da mai lamba 62, ka sa tare da sijar ɗin ka rufe, sati biyu. Sannan ka canza zuwa 65, daga baya 69. Duk bayan kwana uku ka juya su, na ƙasa su dawo sama. Kada ka matsa su don ka ji ko sun yi laushi, na san hannu zai riƙa ƙaiƙayi. Sauri ya haifi nawa.

Hajiya Mai Turare: Kawu, in ƙamshin ne ya gudu ai da sauƙi. Ya jefa ɗan guntun itacen ud a cikin robar.

Kawu na Hindawiyya: Hajiya, ki rufa wa yaron nan asiri. Ganyen nan kamar madara yake, duk abin da ya kwana kusa da shi sai ya ɗauka. Maigidana ya taɓa zubar da kara goma saboda wata sabuwar 'yar aiki ta turara majalisi da turaren wuta na bakhur akwatin yana buɗe. Itace ɗaya kawai ake yarda ya zauna da shi, katakon sida da ake shimfiɗa wa cikin akwatin.

Hajiya Mai Turare: To Allah ya kyauta. Mu da muke ganin ud ya gyara komai.

Injiniyan Khubar: Kawu ya gama magana. Ƙari ɗaya: waɗanda rigarsu ta ɗan tsage, bayan sun yi laushi ana iya liƙe su da ƙaro. E, ƙaron da muka sani, wanda Sudan ta fi kowa fitarwa. A jiƙa ɗan kaɗan, a shafa da tsinken sakace, a kwantar da ganyen. Masu naɗin ma da irin wannan danƙon itace suke liƙe hular kan. Ni matsalata a nan gabas akasin taka ce. Danshin teku ya yi yawa, in na yi sakaci sai fumfuna. Su Kawu a Jidda ma haka.

Kawu na Hindawiyya: Fumfuna da ƙwaro. Akwai wani ɗan ƙwaro da ke ƙyanƙyashewa a cikin ganyen in ɗaki ya yi ɗumi, ya huda rami kamar kan allura, ka ga gari yana zubowa. In ya shiga akwati sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Sankarar goro sak.

Mai Bakala: Ku dakata. Ni fa na ƙirga a hoton nan, 22 na gani. Ina ɗaya?

Ɗan Damagaram: 😂😂 Direba, fito ka yi bayani.

Direban Riyad: Wallahi ba sata ba ce. Wanda ya fi tsagewa ne na ce tunda ya riga ya lalace bari in ji abin da masu kuɗi ke ji. Na gatse kan da haƙori, na kunna da laitar da nake kunna sigari, na zuƙa har ƙirji. Ban ci komai ba tun safe. Ko rabi ban kai ba gumi ya karyo min, ɗakin ya fara juyawa, na rarrafa banɗaki na yi ta amai. Har na fara kalmar shahada.

Injiniyan Khubar: Ɗan'uwa, duk kuskuren da ake yi ka haɗa su a zama ɗaya. Kuma da wanda ka fara! D4 yana cikin masu ƙarfi na Kuba, ba a ba sabon shiga. Ba a haɗiye hayaƙin sijar. A baki ake riƙe shi, a juya, a ji ɗanɗano, a fitar. Ba a sha da yunwa. In jiri ya kama mutum ya ajiye, ya sha abu mai zaƙi ko ya ci dabino, ya fita iska.

Tunda an zo wurin bari in faɗi yadda nake yi, wanda bai so ya wuce. Daren Alhamis, bayan an ci abinci a istiraha, wato gidan shaƙatawa, ni da abokai biyu. Kan sijar a rufe yake da 'yar hula, ita kaɗai ake yankewa da abin yanka mai kaifi, kamar milimita biyu ko uku. In ka zarce kafaɗa rigar za ta warware a bakinka. Wajen kunnawa ba a tsoma shi cikin wuta. Ana riƙe ƙasan a saman harshen wutar ana juyawa kamar mai gasa masara, har gefen ya yi baƙi ko'ina, sannan a kai baki a ja a hankali. Laitar gas ko doguwar ashana, ban da laitar fetur, ban da kyandir, warinsu na shiga. Daga nan ja ɗaya a minti ya isa. In ka yi ta ja kamar mai bin bashi zai yi zafi ya koma ɗaci. Toka kuma ba a karkaɗe ta kowane lokaci, a bar ta ta kai kamar gaɓar yatsa, tana rage zafin wutar. Irin girman nan na ogan Direba minti 45 zuwa awa guda yake ci. In an gama ba a murƙushe shi, a kwantar da shi ya mutu da kansa, in ka murƙushe ɗakin zai kwana da wari. Ni da gahawa nake sha, ko baƙin shayi. Abin da nake so a ciki, gaskiya, shi ne awa gudan nan da ba a gaggawa. Kuma ɗanɗanon yana sauyawa, farkon daban, tsakiya daban, ƙarshe ya fi nauyi.

Ustaz na Madina: Assalamu alaikum. Na yi shiru ina karantawa saboda yaron nan yana cikin damuwa kuma dukiyar amana ce, gyara ta ba laifi. Amma yanzu zaure ya koma makarantar koyar da busa hayaƙi. 'Yan'uwa, a ƙasar nan muke. Shaikh Ibn Baz da Shaikh Ibn Usaimin, Allah ya jiƙansu, duk sun ce shan taba haramun ne, saboda cutarwa da ɓarnar dukiya. Ba su ware mai tsada ba. Tun 2001 aka ayyana Makka da Madina a matsayin biranen da ba a son taba a cikinsu. A ce kara ɗaya ya ci kuɗin cefanen gida, a cinna masa wuta?

Ɗan Damagaram: Allah ya gafarta Malam, ba musu nake ba, amma maganar ta daɗe ana saɓani a kanta. Ahmad Baba na Timbuktu ya yi fatawa a 1607 cewa taba halal ce. A Masar ma malaman Malikiyya biyu na zamani ɗaya sun rabu, Laƙƙani ya hana, Ujhuri ya halatta.

Ustaz na Madina: Gaskiya ne, kuma ka yi karatu. Amma a 1607 wa ya san abin da take yi wa huhu? Su sun duba ko tana sa maye ne, suka ga ba ta sa wa. Da hujjar likitocin yau ta iske su, ai ƙa'idar hana cutarwa a hannunsu take.

Hajiya Mai Turare: Mu gidan Tijjaniyya ne, tun muna yara ko ashanar mai shan taba ba a ara. Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. Amma kakata tana cin goro da fure har haƙoranta su yi ja, kuma furen nan ai na taba ne. Ban taɓa jin an yi mata magana ba.

Injiniyan Khubar: Ustaz, na karɓi nasiha, ba zan ce ina da gaskiya ba. Abin da kawai zan ce, ba ɗaya yake da sigari ba. Sau ɗaya a sati, kuma ba ya shiga huhu. Churchill, tsohon firaministan Birtaniya, ya yi ta sha har ya kai shekara 90.

Likitan Haƙori: Injiniya, a nan ne zan shigo, don bakin mutane nake leƙawa tun safe har yamma. Kawu ya ambaci sankarar goro ɗazu, to akwai ɗaya sankarar. Hayaƙin da ka ce ba ya shiga huhu, ina yake zama? A leɓe, da harshe, da dasashi, da maƙogwaro, miyau kuma ya gangara da shi. Nan ne sankarar masu sijar ta fi kamawa. Nikotin ɗinsa ta fatar baki yake shiga jini, shi ya sa ko ba ka haɗiye ba yana kama ka. Babban kara ɗaya yana iya ɗaukar ganyen da ya kai na kwalin sigari guda. Ka kawo Churchill, ni kuma in kawo maka Freud, likitan ƙwaƙwalwar nan na Ostiriya: sankarar muƙamuƙi, tiyata sama da 30, shekara 16 yana fama har ya mutu a 1939. Castro kansa, tsohon shugaban Kuba, wanda don shi aka fara naɗa sijar ɗin Cohiba a 1966, ya daina sha a 1985. Na yarda mai sha sau ɗaya a sati bai kai mai kwali a rana haɗari ba. Amma ka zo in duba bakinka duk wata shida, kuma duk gyambon da ya wuce sati biyu bai warke ba kada ka tsaya shafa zuma.

Injiniyan Khubar: Dakta, ka ɓata min daren Alhamis. Zan zo.

Kawu na Hindawiyya: Ni na taɓa sha, ba zan ɓoye ba. Maigida kan miƙo min ɗaya ranar da ciniki ya faɗa. Na bari shekara 11 ke nan, tun da hawan jini ya kama ni. Amma har yau in na wuce inda aka buɗe sabon akwati sai na tsaya. Ƙamshin ganyen kafin a kunna, kamar rumbu da fatar Kano da ɗan koko. Allah ya yafe mana.

Admin: Jama'a a yi hattara, kowa ya faɗi nasa cikin mutunci. A koma kan matsalar Direba.

Sabon Shiga 0559: Direba kada ka wahalar da kanka. Ina da wanda zai kawo maka Cohiba akwati guda, mai murfin gilashi, riyal 300 kacal. Ka ba oga, ai Cohiba ta fi wannan. Yi min magana ta gefe.

Kawu na Hindawiyya: Murfin gilashi! Ɗana, toshe kunnenka. Cohiba ta gaskiya ba ta zuwa a wannan akwatin mai gilashi, duk wanda ya san harkar da shi yake fara gane jabu. Kuma ku yi lissafi: tun Yunin 2017 harajin taba a ƙasar nan kashi 100 ne, ga harajin saye kashi 15 tun 2020. A 2022 kamfanin Habanos, mai sayar da sijar ɗin Kuba, ya ɗaga farashin Cohiba a duk duniya, a shekarar kuma guguwa ta rushe rumfunan shanya ganye a Pinar del Río, yankin da mafi kyawun ganyen Kuba ke fitowa. Sai ga akwati a 300? Araha ba ta ado. Na taɓa tsaga irin waɗannan da reza a gaban maigida. Na gaske in ka tsaga, dogayen ganye ne daga kai har ƙasa, a nannaɗe. Wancan kuwa ɓarɓashi ne da jijiyoyi, har da zare.

Admin: Na cire mai lambar. Ba a talla a nan.

Mai Bakala: To Kawu, in mutum zai saya wa wani tsaraba, yaya zai gane na kirki? Wani kwastomana yana yawan tambaya.

Injiniyan Khubar: Bari in ɗauke wa Kawu. Farko shago mai lasisi, mai ɗakin danshi. Akwatin Kuba yana da koren hatimin gwamnati mai ɗauke da lamba, ana iya duba lambar a shafin Habanos. A ƙasan akwatin akwai tambarin Hecho en Cuba da Totalmente a mano, wato da hannu aka naɗa gaba ɗaya, da watan da shekarar da aka zuba. In an buɗe, launinsu ya zo ɗaya, tsayi ɗaya, zoben a layi ɗaya. Ka ɗan latsa a hankali: ya lotsa kaɗan ya dawo. In ka ji dunƙule mai tauri ba zai ja ba, in ka ji rami zai ci gefe ɗaya. Kauri kuma da lamba ake faɗa, inci ne aka raba 64. Na ogan Direba 50 ne, tsayi kusan inci biyar, shi ake kira robusto. Wanda aka sa wa sunan Churchill inci bakwai ne, kauri 47, wannan sai mai awa ɗaya da rabi a hannu.

Mutane suna ɗauka baƙi shi ne mai ƙarfi. Ba lallai ba. Ƙarfin yana cikin ciko, musamman ganyen saman itacen da ya fi shan rana. Sabon shiga ya nemi mai sauƙi kamar Hoyo de Monterrey Epicure No. 2, ko ƙaramin Montecristo No. 4. Kuma ba Kuba kaɗai ba ce. Bayan juyin juya halin Kuba da takunkumin Amurka na 1962 gwanaye da yawa sun fice da sana'arsu, yanzu Nikaraguwa da Jamhuriyar Dominika suna fitar da na ƙwarai, irin su Padrón da Arturo Fuente. Abin da zai ba ku mamaki, ɗaya daga cikin rigunan da ake ji da su a duniya a Kamaru ake noma ganyenta.

Ɗan Damagaram: Kamaru ta nan kusa da mu? To mu da muke noma taba a fadama tun kakanni, sai dai a daka da kanwa a cusa a leɓe.

Direban Riyad: Na gode ƙwarai jama'a. Na samo robar da jakar 62. Abu ɗaya ya rage. In sun tashi, in jera su in yi shiru, ko in faɗa masa?

Ustaz na Madina: Wannan kam ba saɓani a ciki. Ka faɗa masa, har da wanda ka sha.

Kawu na Hindawiyya: Ko ba don Ustaz ba, mutumin da ya je har Janiba ya zaɓo D4 zai gane a ja na farko. In ka yi shiru zai zargi mai kula da majalisi, ka ja wa bawan Allah. Ka bari ya huta kwana ɗaya, ya ci ya sha, sannan ka kai masa robar da hannunka, ya ga wahalar da ka yi.

*(bayan sati biyar)*

Direban Riyad: Salam jama'a. Oga ya dawo shekaranjiya. 17 sun yi laushi sumul, uku na liƙe da ƙaro, biyu sun wargaje ba yadda za a yi. Na kai masa na faɗi komai. Ya ɗauki ɗaya ya shinshina, ya mirgina shi kusa da kunne, ya daɗe bai ce komai ba. Sai ya ce wa ya koya min jakar 62. Na ce wani kawuna ne a Jidda. Da na zo kan wanda na sha da aman da na yi, dariya har da riƙe ciki, ya kira ƙaninsa a waya ya sa na maimaita. Ya ce zai cire kuɗin guda uku a albashina, biyun da suka wargaje da wanda na sha. Kuma daga yau akwatin danshin majalisi ni zan riƙa dubawa.

Ɗan Damagaram: An ba kura ajiyar nama.

Direban Riyad: Wace kura, ni ko warin ban son ji yanzu. Kawu, agogon auna danshi da ke jikin akwatin nasa yana nuna 74, daidai ne?

Kawu na Hindawiyya: Ya yi yawa, in agogon gaskiya yake faɗa. Masu allurar nan suna ƙarya. Zuba gishiri a murfin kwalba, ɗiga ruwa ya jiƙa kawai kada ya narke, ka rufe shi da agogon a cikin roba ya kwana. In lafiyarsa ƙalau 75 zai nuna. Gobe ka turo min abin da ka gani.